Ni Na Tura Bidiyon, 'Yata Na Mara

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki, ina gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin mu Hausawan Abidjan kowa ya san kowa, abin da aka yi da safe a Adjamé kafin azahar ya isa Treichville. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san za a zage ni, ban ce kada a zaga ba, amma a haɗa mini da shawara.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni garin nan tun ina yarinya. Maigidana, Alhaji, yana shigo da kayan gyaran mota daga Legas, zamansa a hanya ya fi zamansa a gida. Muna unguwar Bromakoté, ina ɗinki, ina kuma sayar da atamfa da leshi. 'Yata guda ɗaya, zan kira ta Nafisa, tana jami'a. Ina da aminiya, zan kira ta Rabi, tare muka ci baƙunci a garin nan tun ba mu iya gaisuwa da Faransanci ba. Ita ta riƙe mini hannu ranar da na haifi Nafisa. Mijinta malami ne, yana da makarantar yara a Arras cikin Treichville, mutum ne mai gudun abin magana. 'Yarsu Zulai sa'ar Nafisa ce, tare suka tashi, jami'a ɗaya suka shiga.

Tun suna firamare Zulai ce a gaba. Ita ce ta ɗaya a aji, ita ta riga sauke Alƙur'ani, ita mata ke nunawa a wurin biki su ce 'yar wa ce wannan. Rabi ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Sai dai ta ce, "Ai Nafisa ma tana ƙoƙari." Kun ji wannan "ma" ɗin? Shekara da shekaru ina haɗiye shi ina murmushi.

A jami'arsu akwai ƙungiyar ɗalibai masu wasan kwaikwayo da waƙa. Ba hannun malami a ciki, su ke rubuta labari, su ke tsara waƙoƙi, su nemi aron zaure a Treichville su yi gwaji, su gayyaci iyaye ranar wasa. Na bana labarin wata mai tallar ruwa ne a tashar Adjamé, tana jiran yayanta da ya tafi Arewa bai dawo ba. Waƙoƙin da Faransanci ne da yaren Dioula, guda ɗaya da Hausa. Nafisa ce ta fara shiga ƙungiyar, ita ta ja Zulai. Da aka zo rabon matsayi sai aka ba Zulai mai tallar ruwa, aka sa Nafisa cikin 'yan amshi. Ta shigo gida tana tsalle, da Hausarta ta 'yan Abidjan ta ce, "Maman, Zulai ta samu babban wuri. Ni ina amshi, amma in ba ta da lafiya ni zan maye ta." Ban ɗago daga kan keken ɗinki ba na ce, "Wato ke ce tayar safaya. Ke kika kai ta, ta hau kanki ta zauna, kin zo kina yi mini dariya." Na ga yadda fuskarta ta mutu. Ta ajiye jakarta a hankali ta shige ɗaki. Ban bi ta ba.

Rabi ta san Malam ba zai taɓa yarda 'yarsa ta hau dandamali ba, sai ta ce masa ƙarin darasi suke yi da yamma. Ni kaɗai ta faɗa wa. Ta ce, "Maman Nafisa, yarinyar nan ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Da mayafinta za ta yi, ba wanda zai taɓa ta. Ki rufa mini asiri, ki riƙa sa mata ido tun da ni ba zan iya zuwa ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, Zulai 'yata ce.

Iyaye da yawa suna taimaka wa yaran. Wata tana kawo aloko, wato soyayyiyar ayaba, wani uba ya ba da aron janareto, ni kuma na ɗauki ɗinkin kayan wasa. Kullum ina kusurwar zauren wajen jakunkunan kaya, tef ɗin awo a wuya, carbi a hannu, yara na ta kira na "Tanti, Tanti", wato anti. Idan ba a buƙatar 'yan amshi, a nan Nafisa ke zama kusa da ni. Zan faɗi gaskiya, Zulai tana da murya. Idan ta fara waƙar Hausar nan har masu gyaran mota na waje sai sun leƙo ta taga. Wata rana wata uwa 'yar ƙasa da ke kusa da ni ta share hawaye ta tambaye ni ko 'yata ce. Na ce a'a, tawa ga ta can a layin baya. Ta duba, ta ce "Ah," ta mayar da idonta kan Zulai. Ban ci abinci ba ranar.

Ga yadda abin ya faru. Ana gwajin wurin da yayan ya dawo, wani yaro mai suna Yao ne ke fitowa a yayan. Yaro ne mai ladabi, ya san sharaɗin Zulai, a tsarin wasan ma nesa da juna suke tsayawa. Na ɗaga wayata ina ɗauka don in nuna wa Rabi, Allah ya sani da wannan niyya na fara. Zanen da na ɗinka mata ban gama kalmashe bakinsa ba, ya yi mata tsawo. Ta taho da gudu ta take shi, ta tafi za ta faɗi, Yao ya tare ta. Mayafinta ya zame, fuskarta ta sauka a ƙirjinsa, ta yi dariya don kunya, ta ja da baya da sauri tana gyara mayafi. Kowa ya yi dariya, aka ci gaba. Abin bai fi ƙiftawar ido ba.

Da na koma gida na kalli bidiyon ya fi a ƙirga. Na yanke farkonsa inda ta yi tuntuɓe, na yanke ƙarshensa inda ta ja da baya. Abin da ya rage shi ne 'yar Malam ba mayafi, a jikin namiji, tana dariya. Ina da wani tsohon layin Najeriya da ba wanda ya san shi a nan. Na sa shi a waya, na tura wa wasu mata daga cikin iyayen ɗaliban Malam, waɗanda na san magana ba ta kwana a bakinsu. Na rubuta, "Ga 'yar malamin da ke koya wa 'ya'yanku tarbiyya." Na cire layin na jefa a kwata, na yi alwala na yi sallah, na ɗora tuwo. Ina gaya wa kaina cewa so nake kawai Malam ya cire Zulai daga wasan. Amma wa nake ruɗi? Ban san halin mutumin ba ne? Ban san abin da sunansa yake a wurinsa ba?

A masallaci aka nuna masa. Ya zo zauren ana tsakiyar gwaji, ina zaune a kusurwata. Bai ɗaga murya ba. Ya hau dandamalin da takalminsa ya mare ta, ta faɗi, ya sake marin ta. Ta durƙusa tana cewa, "Baba, wasa ne, yayana ne a cikin wasan, faɗuwa na yi." Yao ya matso yana bayani da Faransanci, Malam ko kallonsa bai yi ba. Cikakken bidiyon yana cikin wayata, wayar tana cikin jakata a gefen ƙafata. Da na miƙa masa, da ya ga tuntuɓen da idonsa. Sai na tashi na ce, "Malam a yi haƙuri, yaran zamani ne sai addu'a." Da na isa gida na goge cikakken bidiyon. Abu ɗaya da zai wanke yarinyar nan a idon mutane, ni na goge shi da yatsana.

Iyaye suka fara janye yaransu daga makarantar Malam. Shi kuma ya cire Zulai daga jami'a tana shekarar ƙarshe, ya ce Funtuwa za ta koma wurin yayarsa. Yarinyar da aka haifa a Treichville, ko mafarki da Faransanci take yi, Najeriya sau ɗaya ta taɓa zuwa. Har da ni a 'yan rakiya zuwa tashar Adjamé, na yi mata dambun nama na hanya. Ana ta hayaniyar 'yan dako da masu kiran fasinja, ta rungume ni, idonta duk ya kumbura, ta ce, "Tanti, ki ce wa Nafisa ta ja numfashi sosai kafin baitin ƙarshe na waƙar Hausar, a nan muryarta ke yankewa." Na ce zan faɗa mata. Na tsaya ina ɗaga hannu har motar ta fita. Kun san me ke raina a lokacin? Ina auna yadda zan rage kafaɗar rigarta ta yi wa Nafisa daidai.

Ban yi zaton abin zai kai kan Rabi ba. Malam ya ce ta ci amanarsa, ta ɓoye masa, ya yi mata saki ɗaya. Ba ta da kowa a garin nan. Gidan wa za ta? Gidana ta zo da jakarta, na shimfiɗa mata a ɗakin Nafisa. Duk bayan sallah sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, wanda ya yi mini wannan, ka hana shi jin daɗin 'ya'yansa kamar yadda ya raba ni da tawa." Ina gefenta a kan tawa dardumar. Ni ke cewa amin.

Ƙungiya ta ba Nafisa matsayin, domin ita kaɗai ta haddace waƙoƙin. Ta ce ba za ta yi ba. Ta ce, "Maman, wurin Zulai ne, ba zan iya tsayawa a kansa ba." Na rufe ƙofa don kada Rabi ta ji, na ce, "Sau ɗaya a rayuwarki Allah ya sa ki a gaba, za ki ce ba kya so? In ba ki hau ba ban yafe miki ba." Ta yi kuka ta gaji, ta koma gwaji. Tana dawowa kullum shiru, ba ta cin abinci sosai, ban tambaye ta me ake yi mata a can ba. Ashe yaran sun zauna sun yi ta kallon bidiyon, sun gane daga kusurwar jakunkunan kaya aka ɗauka. Wa ke zama a nan? Ni da Nafisa. Wa ya amfana? Nafisa. Ba wanda ya kawo tsohuwa mai carbi a ransa.

Ranar wasa bayan la'asar zaure ya cika. Na gayyaci matan da ke sayen kaya a wurina, na sa sabon leshi, na zauna a layin gaba. Rabi ta ce ba za ta iya zuwa ba, ta yi wa Nafisa addu'a a bakin ƙofa. Aka buɗe labule, Nafisa ta fito da farantin ruwa a ka, cikin rigar da na rage mata. Ta rera baitin farko ta dakata don a amsa. Ba wanda ya amsa. 'Yan amshi gaba ɗayansu suka juya mata baya, mai ganga ya ajiye sandunansa a cinya. Ta ɗauka kuskure ne, ta sake rerawa. Daga bayan zauren wani ya fara kiran "Zulai, Zulai," ɗalibai suka ɗauka har bango na amsawa. Wata ta miƙe tana kiran ta maci amana da Faransanci. Wani ya jefo ledar ruwa ta fashe a ƙirjinta. Iyaye suna ta waige-waige suna tambayar me ke faruwa, ana raɗa musu, suna juyowa suna kallon ta. Nafisa ba ta gudu ba. Ta ci gaba da waƙar ita kaɗai, ba kiɗa ba amshi, muryarta na rawa, idonta a kaina. Uwa ta gari za ta hau ta rungume 'yarta ta sauko da ita. Ni na ja mayafina na rufe rabin fuska, na sulale ta ƙofar gefe, na tari tasi. Ita kaɗai ta dawo Bromakoté a motar haya, da jiƙaƙƙiyar rigar wasa a jikinta.

Washegari da hantsi labari ya zo wa Rabi ta waya. Muna tsakar gida ta kira Nafisa ta ce ta zauna. A hankali ta yi maganar. Ta ce, "Nafisa, na goya ki a bayan nan. Ki dubi Allah ki gaya mini, ke ce?" Nafisa ta fashe da kuka ta ce, "Wallahi Tanti ba ni ba ce." Rabi ta juyo gare ni ta ce, "Maman Nafisa, an ce daga wajen kayan ɗinki aka ɗauka. In ba ita ba, wa ke zama a wurin?" Tambaya kawai ta yi, ba ta zarge ni ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na mari Nafisa har ɗankunnenta ya fita. Na ce, "Faɗi gaskiya, munafuka. Tun kina ƙarama kike baƙin ciki da yarinyar nan, kin ɗauka ban sani ba?" Na sake ɗaga hannu, Rabi ce ta riƙe ni. Ta ce, "Ya isa, kada ki illata ta." Ita ta zaunar da ni, ta kawo mini ruwa, tana ba ni haƙuri. Matar da na kashe wa aure tana shafa mini baya don an jarrabe ni da muguwar 'ya.

Da azahar Rabi ta shiga wanka, na iske Nafisa a madafi tana wanke-wanke, kumatunta ya tashi. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Maman, ranar da Zulai ta faɗi, kin aike ni sayen zare. Ina dawowa, daga bakin ƙofa na ga wayarki a sama." Ta ce, "Tun ranar da bidiyon ya fito na sani. Na hau wasan ne don kin ce ba za ki yafe mini ba." Ta ɗauraye kwano ta kife, ta ce, "Ba zan faɗa ba. Ke uwata ce. Amma kada ki ƙara taɓa ni."

Anti, ga abin da ya sa na rubuto, domin ban iya faɗa wa kowa wannan da baki. Abin da na fara ji da ta yi maganar nan ba nadama ba ce. Sanyi na ji a raina, cewa asirina ya rufu. Wace irin uwa ce wannan? Sai daga baya, da na ga ta tsugunna tana neman ɗankunnenta a bakin rariya, sannan nadamar ta zo mini, har yau ba ta sake ni ba.

Yanzu Nafisa ta daina zuwa jami'a, ta ce ba wanda ke zama kusa da ita a aji. A unguwa mata sun hana 'ya'yansu shigowa gidanmu. Rabi tana nan, ta koma kwana a ɗakina don ta ce ba za ta iya haɗa ɗaki da Nafisa ba. Kwano ɗaya muke ci da ita, Nafisa ce ke dafawa, in ta gaishe da Rabi ba ta amsawa. Kwanan baya Zulai ta aiko wa Nafisa saƙon murya daga Funtuwa, tana kuka tana cewa ta ji komai, ta yafe mata, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Nafisa ta zo ta ajiye wayar a kan kekena, ta kunna mini har ƙarshe, ta ɗauki abarta ta fita.

Alhaji yana hanya, labari ya riske shi tun a Legas. Ya kira ni yana huci, ya ce yana isowa zai cire ta daga makaranta, ya kai ta Arras ta durƙusa gaban Malam da iyayen yara ta amsa laifinta da bakinta. Na san za ta durƙusa. Na san za ta ce ita ce, don na ga idonta da na faɗa mata, ta ce "To" kawai.

In na yi magana, Alhaji ba zai zauna da ni ba, Rabi za ta san amin ɗin wa take karɓa duk kwanakin nan, kuma ba ni da fuskar sake fita ko bakin titi a garin nan. Ban ma da tabbacin gaskiyar za ta dawo da Zulai jami'a ko ta mayar da Rabi ɗakinta. In na yi shiru, 'yata za ta ɗauki sunan nan har gidan aurenta, in ma an samu mai aurenta. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu kunyar mutane ta fi tsoron Allah ƙarfi a zuciyata, kuma na san wannan ma wani zunubin ne.

Rabi zan fara faɗa wa, ko Alhaji zan tara kafin ya shigo gida? Ko Arras zan je da ƙafata in tsaya a wurin da ake shirin tsayar da 'yata? Iyaye mata da ke karanta wannan, don Allah ku gaya mini, me zan yi?